Injin 2L ya gaji: in sa masa ringi ne, ko in ɗora 3L ɗan Kwatano?

Ɗan_Wunti:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan mota. Ina da Hilux akori-kura ta gas, ƙirar farkon shekarun 1990, mai injin Toyota da ake kira 2L, wadda ƙafafun baya kaɗai ke ja. Da ita nake ɗauko hatsi daga kasuwar Soro da Alkaleri zuwa kasuwar Muda Lawal a nan Bauchi, wani sa'in in kai kaya Jos. Tun shigowar hunturun nan ba ta tashi da safe sai an tura, in ta tashi kuma farin hayaƙi ya turnuƙe layinmu. Tana shan baƙin mai, kuma in na yi lodi na fara hawan Jos sai allurar zafi ta haura. Bakanikena ya ce in daina zuba kuɗi, in sayo 3L ko 5L a ɗora. Wani kuma ya ce a sauke wannan a sa masa ringi (zoben fistin) da metal (ƙarafunan da kiranshaf ke juyawa a kansu). Abin hannuna ba zai yi biyun ba. Wanne ya fi?

Direban_Darazo:
Wa alaikumus salam. 3L kawai malam, kada ka tsaya dogon tunani. Gidansu ɗaya da 2L, zai zauna a mazauninsa, giyarka za ta kama shi. Ni ma haka na yi wa tawa, yanzu ba na jin tsoron tudu.

Baba_Kanike_Railway:
Ɗana, kafin a yi maganar saye, wa ya auna injin? Abubuwan da ka lissafa guda huɗu ne, kuma ba lallai cutarsu ɗaya ba ce.

Ƙin tashi da safe da farin hayaƙi, sau da yawa hita ce, wato ɗan ƙarfen da batir ke gasawa don ɗumama inji kafin a tayar. Injinan nan, 2L da 3L da 5L, ba sa fesa gas kai tsaye a kan fistin. Akwai ɗan ƙaramin ɗaki a cikin kan injin, nan nozul ke fesawa, kuma in ƙarfen ya kwana cikin sanyi sai hita ta gasa wurin kafin wuta ta kama. Hita huɗu ce. Biyu suka mutu, a watan Afrilu ba za ka sani ba, amma a Disamba sai turi. Ka sa mai wayarin ya kwance su ya gwada ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko wuta na isa gare su.

Sannan a auna ƙarfin matsin kowace silinda ta ramin hitar. Littafin Toyota ya ce lafiyayye yana bada kilo 32, in ya sauko ƙasa da 20 ya gaji, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 5. Sai a ciro nozul a kai wa masu gyaran famfon gas na mota su ɗora a kan abin gwaji, a ga ko feshi yake ko ɗiga. Zafin hawan Jos kuwa maganar lagireto ce da fanka, in ba kan injin ne ya tsage ba.

Na fara aikin nan tun zamanin da kamfanin Steyr ke harhaɗa manyan motoci da taraktoci a garin nan, kuma na ga injina da yawa da aka jefar alhali ba su mutu ba.

Ɗan_Wunti:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ba a auna komai ba. Murfin baƙin mai kawai ya buɗe, ya ga yana huci, ya ce ringi ya tafi.

Baba_Kanike_Railway:
Duk tsohon injin gas yana ɗan huci. Ka kwance murfin ka ɗora shi kawai a bakin ramin, inji na aiki. In rawa yake a wurin, da sauran rai. In iska ta ture shi ƙasa, to ringi ko silinda sun ci. Amma wannan gwajin gefen titi ne, bai kai awo ba.

Oga_Rewaya_Yelwa:
Ina bayan Baba kan hita. Abin da nake gani a gareji, da yawa an cire na'urar da ke ƙidaya lokacin hitar, an sa maɓalli na hannu. Direba ya danne shi ya daɗe, hitar ta ƙone. Kuma kada a manta batir da kik. Injin da ke matse iska ninki 22 yana son a juya shi da sauri. Batir mai rauni zai juya shi amma ba zai tayar da shi ba.

Don Allah masu jiƙa tsumma da fetur su kara a bakin iska don mota ta tashi, ku daina. Yana fashewa tun fistin bai kai sama ba, ringi ne ke karyewa.

Mai_Masara_Kumo:
Ni daga Gombe nake bin wannan magana. Malam Ɗan_Wunti, ni ban yarda da sa ringi ba, saboda na ɗanɗana. Na sauke injina, na sayi fistin, ringi, metal, gasket, duk a kwali mai kyau da tambari. Damina ɗaya bai yi ba ya koma shan baƙin mai fiye da da. Da aka buɗe, ringin ya cinye kamar ba ƙarfe ba. Kayan jabu sun cika kasuwa, kuma talaka ba shi da hanyar ganewa. Injin da ya fito daga Japan ko Turai, ko da ya yi tafiya, hannun kamfani ne ya ɗaure shi. Wannan shi ne dalilina.

Hajiya_Mai_Ƙwai:
Malam na Kumo, ni kuma akasin naka ne ya same ni. Motar da ke raba mana ƙwai zuwa Dass da Tafawa Balewa, na aika kuɗi wurin wani dila a kudu ya turo inji. An wanke shi tas, har da fenti. Bayan an ɗora aka ga ruwan lagireto na kumfa, ashe kan a tsage yake tsakanin bawul. Da na kira sai ya ce kwanakin da ya ba ni na gwaji sun ƙare, alhali rabinsu a hanya injin ya yi su. Wanda zai saya ya tafi da ƙafarsa da bakanikensa, a tayar da injin a ƙasa a gabansa, kuma a rubuta cewa kwanakin gwaji daga ranar ɗorawa za su fara.

Mai_Masara_Kumo:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Wannan gaskiya ne, ni da kaina na je Kofar Ruwa a Kano, ban yi aike ba.

Injiniya_Gwallameji:
Bari in ɗan gyara maganar Direban_Darazo, ba don musu ba. E, 3L ɗan gidan 2L ne, amma ba kowane 3L ne ke shiga Hilux kai tsaye ba. Yawancin waɗanda ake samu a kasuwar Ladipo ta Legas ko Mgbuka ta Obosi a Anambra daga bas ɗin Hiace aka ciro su, wasu daga Dyna. Kaskon baƙin mai na ƙasa da bututun da ke zuƙo man, da ƙafafun da inji ke zama a kai, da bakin iska da na salansa, duk suna iya bambanta. Maganin shi ne kada ka sayar da tsohon injinka sai an gama aiki, domin daga jikinsa za a ciro waɗannan a mayar wa sabon.

Game da girma: 2L cc 2,446 ne, 3L 2,779, 5L kuma 2,986. Faɗin silindar 2L milimita 92 ne, na 3L 96, na 5L 99.5. Ka ga a 5L naman ƙarfen da ke tsakanin silinda ya ragu, shi ya sa ba ya haƙuri da zafi kamar ƙannensa, kuma in ya ci babu wurin yanka mai yawa. Ƙarfin 3L kusan doki 90 ne, 2L kuma wajen 80. Za ka ji bambanci da lodi, amma kada ka sa rai motar za ta zama wata daban.

Ka kuma lura da harafin ƙarshe. 5L-E famfonsa na lantarki ne, sai da kwamfutarsa da wayoyinta da totur mai na'ura. In an kawo maka shi tsirara, sai dai a nemo famfon hannu, wato tsohon iri mara kwamfuta, a sa masa, wani kuɗin ke nan. Famfon hannu waya ɗaya tak yake buƙata, wadda ke buɗe mai in ka murɗa makulli.

Direban_Darazo:
Injiniya ka yi gaskiya, yanzu na tuna an canza min kaskon ƙasa. Amma dai aikin bai kai na ɗora injin wani kamfani ba.

Sarkin_Datsun:
Ku dai kuna ta Toyota. In ƙarko ake nema, TD27 na Nissan ya fi su duka. Ba shi da bel na taimin, haƙoran ƙarfe ne ke juya komai. Na Toyota in bel ya tsinke a guje, fistin ya haɗu da bawul, ka shiga uku. Haka 4JB1 na Isuzu, 2.8, shi kai tsaye yake fesa gas, yana tashi da bugu ɗaya ko cikin sanyi, kuma bai kai su shan mai ba. Ƙara ce dai gare shi.

Injiniya_Gwallameji:
Ba wanda ya raina TD27, a cikin Datsun ɗinsa. Amma a Hilux sai ka sayo shi da giyarsa, mai walda ya yanka mazauni, a rage ko a ƙara tsawon furofela, wato sandar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya, a sake hanyar salansa, sandar giya ta fito inda ba raminta ba. Ga shi da nauyi, gaba zai zauna. Mutumin da ya ce kuɗinsa ba zai yi aiki biyu ba, wannan aiki uku ne.

Bel kuwa ba ya tsinkewa haka kawai. Kilomita 100,000 aka ce a canza, har fitila Toyota ta sa a gaban direba don tuni. Matsalar ita ce mitar yawancin motocinmu ta daina ƙirga. Duk wanda ya ɗora ɗan Kwatano ya sa sabon bel da tayoyin da ke ɗame shi tun injin na ƙasa, don bai san shekarun na ciki ba.

Abban_Husna:
Tambaya daga gefe. Me ya sa ba zai koma fetur ba gaba ɗaya? A 2022 da gas ya tashi daga wajen naira 300 ya doshi 800, fetur na ƙasa da 200, mutane da yawa a Azare sun sauke injin gas sun ɗora 22R ko 3RZ. Kayansa sun fi araha, kowane bakanike ya iya shi.

Mai_Masara_Kumo:
Waccan ranar ta wuce malam. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 tazarar ta matse. Waɗanda suka koma fetur da yawansu yanzu suna neman tsoffin injinansu. Ka yi lodin masara daga Kumo zuwa Tudun Hatsi da 22R ka ga yadda allurar tanki ke sauka. Gas ya fi nisa a lita ɗaya, kuma ƙarfinsa a ƙasa-ƙasa yake, inda mai lodi ke buƙata.

Abban_Husna:
To amma mai fetur zai iya sa tukunyar iskar gas ta CNG nan gaba.

Direban_Darazo:
A ina zai sha tsakanin Soro da Darazo? Kuma tukunyar bayan mota za ta zauna, wurin buhu. Mai zirga-zirga cikin babban gari ne zai more ta.

Oga_Rewaya_Yelwa:
Tunda an taɓo sauyi tsakanin fetur da gas, akwai abin da nake so kowa ya riƙe domin rai ne. Injin fetur da kansa yake zuƙo iskar da ke taimaka wa birki. Na gas ba ya yi, shi ya sa aka manna masa ɗan famfo a bayan altaneta, da tiyon baƙin mai da ke shiga cikinsa. Na ga wanda aka ɗora wa injin gas aka sa masa altanetar ƙaramar mota mara wannan famfo. Mota na tashi lafiya, fitila na kamawa, amma birki ya zama dutse. A gangaren Jos da lodi wannan ba abin wasa ba ne. Ko kai Ɗan_Wunti, in ka sayi inji ka tabbata altanetarsa na tare da famfon, ko a mayar da taka.

Hajiya_Mai_Ƙwai:
Innalillahi. Wannan ban taɓa sani ba, zan sa direbana ya duba tamu gobe in Allah ya kai mu.

Matashi_Fadaman_Mada:
Manya, ni ina ganin in za a kashe kuɗi a kashe gaba ɗaya. A sa 1KZ mai turbo, ko 2KD na Hilux Vigo. Hawan Jos sai dai ka ga gari.

Baba_Kanike_Railway:
Yaro, 1KZ yana da ƙarfi, ba musu. Amma kansa na alminiyom ne, zafi ɗaya mai kyau ya isa ya tsaga shi, kuma mai tambayar nan da ma zafi yake kuka da shi. Giyar da ke bayan 2L ba don wannan ƙarfin aka yi ta ba. 2KD kuwa duk kwamfuta ne. Nozul ɗin 2L yana buɗewa a wajen kilo 150, na Vigo matsinsa ya haura dubu. Ɗigon ruwa ko ƙasa a cikin gas ya ishe shi. Mutumin da wani lokaci dole ya sha man jarka a ƙauye, me zai kai shi?

Ko tsohon famfon ma ba ya son wasa. Gas ɗin da ke ratsa shi shi ne man da ke sa ƙarafunansa santsi. In an gauraya da kananzir sai ya bushe ya ci kansa. A ƙarƙashin filtar gas akwai wurin da ruwa ke taruwa, da ɗan abin murɗawa. Direbobi nawa ne ke zubar da shi?

Ɗan_Wunti:
Baba, maganar zafin fa? An cire min tamostat tun bara, aka ce a ƙasar zafi ba ya da amfani.

Direban_Darazo:
Ai daidai aka yi maka. Na Turawa ne masu ƙanƙara. Mu da muke ganin digiri 40 a Maris da Afrilu me za mu yi da shi? Tawa ba ta da shi.

Injiniya_Gwallameji:
A nan kam ban bi ka ba ɗan uwa. Ga shaida a gabanmu: an cire nasa kuma har yanzu tana zafi. Tamostat na buɗewa ne a digiri 80 da ɗoriya, in ya buɗe ruwa na wucewa yadda ya kamata. Aikinsa inji ya yi saurin ɗumi. In babu shi, da safen hunturu inji zai daɗe a sanyaye, gas ba ya ƙonewa duka, yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi na ci. Wato cire shi na iya zama cikin abin da ya kawo shan baƙin man.

Inda zafi ke fitowa daban ne. Ruwan rijiya da na burtsatse da muke ɗurawa yana barin farin gishiri da tsatsa, ramukan lagireto su toshe rabi. Fankar injinan nan tana da wani mai kauri a tsakiyarta, in ya tsiyaye sai ta riƙa juyawa a banza ba ta jan iska. Murfin lagireto in robarsa ta mutu ruwa na tafasa da wuri. Ga ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ke liƙe gaban lagireton, ga filtar iska. Kuma ku tuna Bauchi tana wajen mita 600 ne daga teku, Jos ta kai 1,200. Iska na raguwa, inji mara turbo na rasa ƙarfi, direba na ƙara taka totur, baƙin hayaƙi da zafi su taru.

Abin da nake tsoro shi ne a sayo 3L mai kyau a haɗa shi da wannan lagireton. Babban inji ya fi fitar da zafi. Abin da ya gajiyar da na farko zai kashe na biyu.

Direban_Darazo:
Lagireton kam na yarda, ni ma sai da na sa mai layi uku. Tamostat dai ina nan kan bakana.

Baba_Kanike_Railway:
Bari in koma wa maganar mutumin Kumo, don ba ƙarya ya yi ba. Akwai jabu. Amma rabin gyaran da ke lalacewa ba laifin kaya ba ne, aiki ne. A sa sabon ringi a silindar da ta zama ƙwai, ba a auna ba, ba a kai bulok wurin masu yanka ba. A ɗaure kan inji da bututu a kan sifana, alhali ƙa'idarsa a ɗaure da ma'auni bi da bi daga tsakiya, sannan a ƙara kwatan juyi, a sake ƙara kwata. Gasket ɗin kan injinan nan kauri uku ne, ana zaɓa ne bayan an auna yadda fistin ya leƙo saman bulok. Wa ke yin wannan yanzu? Sai a ce wa mai shago ba ni gasket na 2L, a ɗaura. Bayan an gama kuma, maimakon a lallaɓa injin ya zauna, washegari an yi masa lodin kasuwar Soro.

In bulok da kiranshaf da kai suna da lafiya, ni gyara zan yi, don na san abin da ke ciki. In kan ya tsage kuma silinda ta ci, kuɗin ya kamo na ɗan Kwatano, sai a saya.

Malam_Na_Misau:
Ƙarin tuni ga duk wanda ya canza inji: lambar inji na cikin takardun mota. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin da sunan shago, ka je ofishin lasin a gyara takarda. In ba haka ba, ranar da aka tsayar da kai a shinge aka duba, bayani zai yi tsawo. Kuma rasit ɗin ne zai fitar da kai in injin ya zama na sata.

Ɗan_Wunti:
Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. An gwada hita, biyu sun mutu, an canza, yau da asuba ta tashi ba turi. An auna matsi: uku suna tsakanin 24 da 26, ta uku daga gaba kuma 17. Fankar da hannu ake tsayar da ita inji na zafi, ta mutu. Lagireto na wurin masu wanki. Bakanikena har yanzu yana cewa 3L.

Mai_Masara_Kumo:
Ka gani ko? 17 ai ta faɗi, sauran ma sun yi nisa da 32. Da ni ne kai da na lallaɓa ta haka zuwa ƙarshen kaka, in tara kuɗi in ɗauko 3L.

Baba_Kanike_Railway:
Silinda ɗaya ce ta bambanta, kuma bambancin ya wuce 5. Zai iya zama ringi, zai iya zama bawul da ya ƙone ko bai zauna ba, zai iya zama gasket. Bawul ɗin injinan nan da 'yan faranti ake saita su, kuma ina shakka an taɓa duba naka. Ka sa a fara auna tazarar bawul na wannan silindar a sake gwaji. Kafin lagireto ya dawo ka sayi tamostat da murfi sabo. In ya dawo, ka cika ruwa, ka bar murfin a buɗe, ka tayar da inji ka duba ko kumfa na tasowa ba tsayawa. Ka zo ka faɗa mana abin da ka gani, kuma kada ka hau Jos da lodi kafin nan.

Sarkin_Datsun:
In ka yanke shawarar sayar da 2L ɗin bayan an gama, ka yi min magana. Akwai maƙwabcina mai injin niƙa a Liman Katagum da ke neman irinsa.